Likita na yankan naman ƙafar Baba duk Talata, miki sai ƙara faɗi yake. Mu ci gaba?

'Yar Rusaifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu a wannan dandalin ban taɓa tofa komai ba, yau dai ta kama ni. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mahaifinmu shekararsa 68, shekara 14 ke nan yana fama da ciwon sukari. Yana kan allurar insulin, in ya ga dama. Tela ne, shagonsa na wajen Shari'a Mansur a nan Makka, ko da yake yanzu ƙanena ke zama a ciki. Wata huɗu da suka wuce ya je Juma'a Harami, aka idar, ya fito ya nemi silifas ɗinsa sama ko ƙasa ya rasa. Duk ɗan garin nan ya san wannan ba labari ba ne. Maimakon ya sayi na riyal goma a bakin hanya, sai ya taka a ƙasa har inda suka bar mota ta wajen Jarwal, da tsakar rana, a kan kwalta. Wai shi bai ji wani zafi ba. Sai bayan Isha'i Umma ta ga danshi a kan darduma, aka ɗaga ƙafa, tafin duk ya yi bororo ya farfashe.

Na hagu ya warke cikin sati uku. Na dama kuwa, daidai tudun nan da ke ƙarƙashin babban yatsa, ya ƙi. An fara yi masa gayar, wato wanke miki da canza bandeji, a mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, ya je sau biyar ya ce ya gaji da layi. Daga nan Gwaggo, yayarsa, ta karɓi jinya: a wanke da ruwan murra (wani ƙaro mai ɗaci), a zuba zuma, a barbaɗa garin bagaruwa da wata 'yar'uwa ta kawo daga Kano da ta zo Umra. Tsakani da Allah ya yi kamar zai rufe. Bakinsa ya tsuke har bai kai faɗin kwandalar riyal ɗaya ba, gefen ya yi kanta mai kauri, ciki kuma wani abu rawaya-rawaya kamar kitse. Wari ne dai ya ƙi ɓoyuwa, ko an sa turaren wuta. Ranar da zazzaɓi ya rufe shi cikin dare muka kwashe shi sai asibiti.

Likitan ya zura wani siririn ƙarfe cikin mikin, ya sa aka yi hoton ƙashi, ya ce alhamdu lillahi bai kai ƙashi ba. Sai ya ɗauko 'yar aska da almakashi ya shiga fiƙe kantar nan yana yanko nama yana ajiyewa a kan shash, wato ƙyallen bandeji. Jama'a, ɗan mikin da muka kawo ya koma kamar bakin finjalin gahawa, ga zurfi, ja jawur, jini na tsattsafowa. Ni na juya baya ina salati, Baba kuwa hira yake da nas. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, zazzaɓi ya sauka, aka ce mu riƙa zuwa duk Talata. An yi sau uku yanzu, kuma duk zuwa sai an ƙara yanka.

Gida ya rabu biyu. Gwaggo ta ce wannan ciwon daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, da hannunmu muke ciyar da shi har ya cinye ƙafar. Yayana ya ce asibiti kawai sun ga wurin cin kuɗi. Umma ba ta cewa komai sai kuka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Saboda kwanciyar da ya yi ta yi, diddigen ƙafar hagu ya yi wani baƙin tabo, busasshe, mai tauri kamar ƙirgi. Na nuna wa likitan, na ce wannan ma ai matacce ne, a cire. Ya dafa bayan ƙafar, ya sa wata na'ura mai ƙara shuu-shuu, ya ce kar wanda ya taɓa shi, ko ruwa kar ya gani. To in cire mataccen nama ne magani, me ya sa ya bar baƙi ƙirin ya je yana yankan wanda ya kusa rufewa? Wanda ya san abin nan ya taimaka mini kafin Talata, don Gwaggo ta rantse ba za a sake fita da ƙaninta ba.

Baba Mai Shayi, Jidda, ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne.

Ni ba likita ba ne, amma yatsuna takwas ne a ƙafa, to ina da bakin magana. Nawa ma haka ya tsuke, na yi murna, na daina zuwa asibiti, na koma tsayuwa a kan tebur daga Asuba zuwa Azahar. Ashe rufin tukunya ne, ciki na tafasa. Ranar da suka buɗe, ƙashi ya riga ya zama kamar jiƙaƙƙen alli. Ki gaida Gwaggo, ki ce wani tsoho a Jidda ya ce shi ma yayarsa haka ta faɗa masa, da zuciya ɗaya. Ku kai shi Talata.

Ummu Hanan, Madina, ta rubuta:

Sannu da jinya ƙanwata. Aikin jinya nake yi, kuma rabin yinina a ɗakin gayar yake ƙarewa. Ban ga ƙafar Baba ba, wanda ya gani shi ke da ta cewa, amma abin da kika zayyana na san shi kamar yunwar cikina.

Fara da faɗin da ya tsorata ku. Mikin bai ƙaru ba, girmansa ke nan tun da, yanzu ne kuka gan shi. Gyambon mai sukari a tafin ƙafa ƙaramar ƙofa gare shi da babban zaure. Kantar da kika ga ta zagaye shi ba warkewa ba ce, fata ce da ta mutu ta taurare saboda taku, ta yi rumfa a kan rami. Duk takun da Baba ya yi, kantar na danna naman ƙasa kamar tsakuwa a cikin takalmi, shi kuwa ba ya ji, domin sukari ya kashe jijiyoyin ji. Abin da ya hana shi jin kwalta ranar Juma'a shi ne ya sa yake hira ana yanka. Kada rashin zafin ya kwantar muku da hankali, shi ne asalin matsalar.

Abin nan rawaya kamar kitse kuma mataccen nama ne da ya jiƙe. Jini ba ya zuwa wurinsa, saboda haka maganin da Baba ke haɗiya ba ya isa can, ƙwayoyin cuta na zaune a ciki suna ci suna sha. Har wani yauƙi suke shimfiɗawa a kan mikin su ɓuya a ƙarƙashi, irin santsin da ke kama cikin tankin ruwa. A kankare shi yau, kwana biyu zuwa uku ya fara dawowa. Dalilin zuwa duk mako ke nan, ba wai aikin farko bai yi ba. Sabuwar fata daga gefe take rarrafowa zuwa tsakiya, kuma ba ta hawa kan mushe. Tunda Baba tela ne, tambaye shi: in aka kawo masa tobe, wato doguwar riga, da wuta ta ci, a kan ƙonannen bakin yake ɗora faci, ko sai ya datse har ya kai lafiyayyen yadi? Ramin zai ƙara faɗi kafin a toshe shi. Jinin da ya tsattsafo shi ne alamar an kai lafiyayyen yadi. Mu in mun ga ja mai ɗan gudaji-gudaji kamar cikin rumman, murna muke. Abu ɗaya: in Baba na shan maganin tsinka jini, ko asfirin ne, ki tabbata likitan ya sani.

Yanzu diddige, wanda shi ne tambayarki ta gaske, kuma ta yi kyau. Aska tana da sharaɗi: sai akwai jinin da zai zo ya gina wurin da aka yanke. Na'urar da kika ji tana shuu-shuu gudun jini take saurare a jijiya. Ga alama ya ji na dama da ƙarfi, na hagu da rauni. Diddige kuma naman da ke tsakanin fata da ƙashi ba shi da yawa. In baƙin ɓawon nan busasshe ne, ya manne gam, babu ruwa, babu wari, gefensa bai yi ja ba, to murfi ne Allah ya yi wa wurin. Wanda ya ɓamɓare shi a ƙafar da jini bai wadata ba ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Sai a bar shi a bushe, wasu likitocin su sa a riƙa shafa masa Betadine, ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddigen zai rataya a iska, kada ya taɓa katifa ko kaɗan. Likita ɗaya, hukunci biyu, domin ƙafafun biyu ba jini ɗaya suke samu ba. Ni wannan ne ma ya sa na ji na yarda da shi. Mai neman kuɗi da ya yanka duka biyun.

Amma kada a tsaya nan. Ki nemi a tura ku wurin likitan jijiyoyin jini. Akwai awon da ake gwama bugun jini na idon sawu da na dantse. In ya gaza 0.9 ana zargin jijiya ta tsuke. A masu sukari jijiyar kan taurare har awon ya yi ƙarya ya nuna lafiya, shi ya sa wani lokaci a babban yatsa ake aunawa. In an samu toshewa, sau da yawa ana iya buɗe ta, daga nan sai a san yadda za a yi da diddigen. Ranar da kuma kika ga ɓawon ya yi laushi, ko ya fara tsiyaya, ko ya ɗauki wari, ranar za ku koma, ba Talata ba.

Don ki huta da gardamar gida, daina musu da baki. Duk Talata bayan an wanke, ɗora 'yar rula a gefen mikin ki ɗauki hoto. Lissafi daga ranar yankan farko yake farawa, ba daga ƙaramar ƙofar da kuka saba gani ba. Abin da muke fata shi ne cikin sati huɗu ya ragu da kusan rabi. In bai ragu ba, ke ma kina da haƙƙin tambayar likita me za a canza.

Ga inda na fi jin tsoron Baba: taku. Ko mala'ika ne ke riƙe da askar, in ana taka miki ba zai rufe ba. Tambayi takalmin nan na musamman mai ɗauke nauyi daga wurin, ko filastar da ake naɗe ƙafar gaba ɗaya. Ba ki kuma faɗi sukarinsa na tarakumi ba, wato awon da ke nuna matsakaicin wata uku. Ga yawancin mutane wajen 7 ake nema. "In ya ga dama" ɗin nan da kika rubuta ta fi askar likita haɗari.

A gida: ruwan gishirin saidaliyya (kantin magani) kawai, banda Dettol, banda sifirit, banda jiƙa ƙafa a baho. In kin ga ja na hawa sama, kumburi, zazzaɓi, yatsa ya canza launi, ko sukari ya haura ya ƙi sauka, asibiti nan take. A nan Saudiyya lambar motar ɗaukar marasa lafiya 997, ta neman shawarar ma'aikatar lafiya 937.

Abu Sumayya, Ɗa'if, ya rubuta:

Malama Ummu Hanan, Allah ya saka da alheri, amma ban ji kin ce komai a kan zuma ba. Allah da kansa ya ce a Suratun Nahli, aya ta 69, a cikinta akwai waraka ga mutane. Kakata da zumar sidir, wato ta magarya, ta warkar da gyambon da ya shekara a ƙaurinta. Ya za a yi a ture abin da nassi ya tabbatar a rungumi aska? Ni ina ganin a bar Gwaggo ta ci gaba, a haɗa da ruwan Zamzam.

Ummu Hanan ta rubuta:

Malam, ba wanda ya ture zuma. A kan teburina akwai ta, cikin bututu. Tana janyo ruwa daga miki, tana hana ƙwayoyin cuta sakewa, tana taimaka wa jiki ya narkar da mataccen nama da kansa. Yawancin ta asibiti daga zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan ake yi, kuma ana haska ta da wani haske mai kashe ƙwayoyin da kan kwanta a ɗanyar zuma, abin da ba a yi wa ta kasuwa, balle wadda aka yi wa algus da sukari. Sai dai zuma ba ta narkar da kanta mai kaurin ƙofato, ba ta kuma shiga zauren da aka toshe ƙofarsa da garin bagaruwa. Bagaruwa ai da ita ake jima: tana ƙanƙance fata ta busar da sama, ido ya ga kamar sauƙi. Wata uku ana yi, ƙarshensa zazzaɓi. A buɗe, a share, sannan a tambayi likita ko zai sa zumar. Kakarka, Allah ya jiƙanta, tana da sukari? Tana jin ƙafarta? Miki suna ya tara.

Ba aska kaɗai muke da ita ba ma. Akwai wani ruwa mai kauri da ake zubawa a rufe, danshi ya sa jiki ya narkar da mushen a hankali. Akwai man shafawa mai sinadarin da ke cin mataccen nama. Suna da amfani ga wanda ba zai jure yanka ba, amma suna da nawa. Ƙafar da ta riga ta kawo zazzaɓi ba ta da wannan lokacin.

Zamzam kuwa Baba ya sha ya yi addu'a.

Ɗan Maiwurno, Riyad, ya rubuta:

Ku gafarce ni zan ɗan karkata. Ina yaro a garinmu, bakin kogi kusa da Sinnar, akwai wani makiyayi da ƙaya ta soke shi, ƙafa ta ruɓe har tsutsa ta shiga. Kowa ya ce ta ƙare. Da aka kai shi asibiti aka wanke, sai ga nama ja, tas, kamar an goge. Na girma ina ɗauka karama ce, sai daga baya na karanta cewa wani likitan Amurka, William Baer, ya ga irin haka a jikin sojoji a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko, ya dawo ya riƙa jinyar yara masu ciwon ƙashi da tsutsa a Baltimo. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a hukumance. Ta wani koren ƙuda ce, ana renonta a ɗakin gwaji babu ƙazanta, a ɗaure ta kan miki kwana biyu zuwa uku, ta narkar da matacce ta bar mai rai. Ba cewa nake a bar wa ƙuda ƙafar Baba ba, don akwai tsutsar da mai ran take ci, makiyayinmu sa'a ya taka. Ina dai so Gwaggo ta ji cewa ko babu ƙarfe, sai an kwashe mushen nan kafin fata ta dawo.

Wata 'yar shawara: ku shiga da ita ɗakin ranar Talata. Tsofaffinmu abin da aka yi a bayan idonsu ne ba sa yafewa.

'Yar Rusaifa ta rubuta:

Na dawo, sati uku bayan nan. Allah ya saka wa kowa.

Shawarar Ɗan Maiwurno muka bi, ba don na yarda za ta yi ba, sai don babu wata. Gwaggo ta shiga da carbinta da fushinta, ta zauna daf da gado. Na roƙi likitan ya nuna mata abin da yake cirewa. Ya ɗago wani yanki da ɗan hantsaki ya miƙa mata a kan shash, ta sa gilashi ta duba, ta shinshina, ta ce, "Wannan ai mushe ne." Ba ta ƙara magana ba har muka iso gida. Ba ta janye batun daji ba, ta dai ce wannan likitan hannunsa da sauƙi. Yanzu ita ke tuna mana Talata tun daren Litinin, ita ce kuma mai gadin matashin diddige, ko Umma ba ta isa ta gyara shi ba.

Anti Ummu Hanan, tarakumin 10.4 ne. Na ji kunyar rubutawa wancan karon. Allura ta dawo hannuna, shayin dare ya koma babu sukari, ana ta yaƙi a kan dabino da gahawa bayan Magariba. Maganar faci kuwa da na gaya wa Baba, dariya ya yi, ya ce wane tela ne zai ɗinka kan ƙuna, sai almajirin tela.

Hotunan rula: ranar yankan farko ban auna ba, amma a takardar asibiti an rubuta santimita 4 da 3. Jiya 2.6 da 2, zurfin ma ya cike sosai, gefen ya yi wani farin zobe siriri da nas ta ce sabuwar fata ce, kada a goge. Yankan jiya bai fi fiƙe farce ba. An ba shi wani ƙaton takalmi mai maɗauri har gwiwa, ya ce ya zama ɗan sama-jannati. Alwala yana shafa ne a kan bandeji, malamin masallacinmu ya zo har gida ya yi masa bayani, ya kuma ce ya yi sallarsa a zaune, a gida, har a sallame shi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, mutumin da ya shekara arba'in bai rasa Juma'a a Harami ba sai da dalili.

Diddigen hagu na nan yadda yake, baƙi, busasshe, bai ƙaru ba. Likitan jijiyoyin jini ya ba mu ranar 9 ga wata, ya ce mu zo da sakamakon gwajin ƙoda saboda ruwan da za a sa kafin hoto. Wanda ya taɓa raka wani wannan hoton, ana kwana ne ko ana dawowa a ranar? Ina so in san ko in nemi hutu a wurin aiki.